Tabon Jagira

"Yau kam ba zan sa ba, Saloma! Na gaji!"

Dawuda ya ture kakin sojan da ta miƙo masa, rigar ta zame daga kan benci ta faɗi ƙasa. Saloma ta yi maza ta ɗauke ta, ta karkaɗe, sannan ta leƙa titi ta ja ƙofar shagon ta danna sakata. A Zuru, inda da wuya ka sami gidan da babu soja ko tsohon soja, ba a wasa da kaki a jikin wanda ba nasa ba.

"Ka rage murya don Allah. Mai shayin nan ba abin da ke wuce kunnensa."

"Ya ji mana! Kowa ma ya ji!"

"Har da Mama?"

Sai ya sunkuyar da kai. Ta san za a yi haka. Kome zafin da Dawuda ya ɗauko, da an ambaci mahaifiyarsa sai ya yi laƙwas.

Shagon hoton Saloma ɗan ƙarami ne a unguwar Rikoto, amma akwatin kayan da ke bayan labulensa ya fi shagon suna. Akwai rigar lauya a ciki, akwai ta nas, akwai ta masu gama jami'a har da hularta mai tuntu. Mai gawayi kan shigo da baƙin hannu ya fita lauya. Yarinyar da ba ta wuce aji uku ba ta fita da digiri, tana dariya har da riƙe ciki. Saloma tana son wannan aiki, don a ganinta ƙaryar minti biyar ce, ba ta cutar da kowa.

Wannan kakin kuwa ba daga akwatin nan ya fito ba. Na Ishaya ne, yayan Dawuda, wanda aka yi mata baiko da shi.

Mahaifinta mutumin da ne. Da Ishaya ya zo neman aurenta cewa ya yi shi ba ya ba da ɗiya sai da golmo, noman da saurayi ke yi wa surukinsa kafin a ba shi mata. Kakanni shekara bakwai suke yi, shi ya yi rangwame ya ce damina uku. Ishaya ya yi ɗaya, aikin soja ya fito masa, ya tafi. Dawuda ne ya ɗauki garma ya ƙarasa biyun da sunan yayansa, bai taɓa cewa uffan ba.

Shekara biyu da wata uku ke nan da labari ya zo cewa Ishaya ya faɗi a bakin daga, can arewa maso gabas, an binne shi tare da abokan aikinsa. A lokacin mahaifiyarsu, Mama Alice, tana kwance a asibiti, hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki. Likita ya ce kada ta ji abin da zai girgiza ta. Baba Sila, ƙanen marigayi mijinta, tsohon soja ne mai magana ɗaya, shi ya tara gida da maƙwabta ya ce kowa ya ja bakinsa sai ta yi ƙarfi.

Ta dawo gida Dabai, ƙarfin bai zo ba. Abin da ya zo tambaya ce. Ishaya ya saba aiko mata da hotonsa kowane wata uku, na kati, ta sa a Littafi Mai Tsarki. An ce mata inda suke waya ba ta shiga, ta yarda. Amma hoto fa? Da wata huɗu suka wuce babu, sai ta ture kwanon tuwo. Ranar ne Baba Sila ya ƙura wa Dawuda ido, ya juyo ya dubi Saloma, ya ce, "Ai shi da Ishaya kamar an tsaga kara suke."

Yau za a ɗauki hoto na takwas.

Dawuda ya sa rigar yana ɓalla maɓallai kamar mai ɗaure kansa. Ya zauna a kan kujera. Saloma ta ciro jagirarta daga jaka, ta kama haɓarsa ta juyo fuskarsa wajen fitila. Ishaya yana da tabo a girar hagu, wanda ya samo a kokawar bikin Uhola tun yana saurayi. Dawuda ba shi da shi, don haka ita ke zana masa, siriri, ya raba girar biyu.

"Hannunki yana rawa," in ji shi a hankali.

"Kai ne kake motsi."

"Ban motsa ba."

Ta ja baya ta ɗauki kyamara. "Tashi. Buɗe ƙirji. Ɗaga haɓa, Ishaya ba ya sunkuyar da kai. Yauwa... ɗan murmushi ta gefe ɗaya, irin nasa."

Ya yi duk yadda ta ce. Abin mamaki, nan take sai ga wani mutum daban a gaban labulen, mai faɗin kafaɗa, mai kallon duniya kamar gonar ubansa. Fitila ta walƙa.

"Saloma."

"Na'am."

"Idan kin sa idonki a cikin abin nan, wa kike gani?"

Ta yi kamar tana duba hoton.

"Shekara biyu ina tsaya miki a nan. Kin ɗauki mai gawayi, kin ɗauki mai nama, har akuyar da ta ci gasa kin ɗauka. Ni ba ki taɓa ɗaukata ba ko sau ɗaya. Na yi noman wani, na sa rigar wani, ina murmushin wani... Ni ina nake?"

"Dawuda, don Allah..."

"Ina sonki. Tun ina gonar babanki nake sonki, na haɗiye, don ke ta Yaya ce. Yanzu Yaya ba ya nan. Amma tsorona ɗaya ne, kada ki ce kina sona alhali shi kike gani."

Hawaye suka cika mata ido. Ta so ta gaya masa cewa ta yi kukan Ishaya har hawayenta suka ƙare, a ɓoye, fuskarta cikin matashi. Ta so ta ce tun hoto na huɗu ta daina jin daɗin zana tabon nan, don yana ɓata mata fuskar da take son kallo.

"Cire rigar," kawai ta ce. "Bari in wanke hoton."

Washegari da hantsi ya ɗauke ta a mashin zuwa Dabai. Dawa ta yi kai a gonaki, hanya duk ƙanshin ƙarshen damina.

Mama Alice tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, an jingina ta da matashi. Yanar ido ta rufe mata na hagu, na daman ma sai ta kai abu har bakin hancinta take gani.

"Wa nake ji kamar ɗiyata?"

"Ni ce, Mama. Ina kwana? Ya jiki?"

"Jiki da godiya. An samu?"

"An samu, Mama. Wani direba ya kawo jiya."

Tsohuwar ta goge hannunta mai lafiya a zane kafin ta karɓa. Ta kai hoton kusa da ido, ta daɗe tana bin sa daga hula har takalmi. Fuskarta ta washe.

"Sojana! Dubi ƙirji! Igiya biyu ce wannan a hannunsa?"

"Ai na gaya miki an ba shi kofur," in ji Baba Sila daga gindin mangwaro, bai ko ɗago ba. Shi da kansa ya ba da umarnin a ɗinka igiyar, wai soja ba ya shekara biyu ba ƙarin girma, za ta yi zargi. Haka ƙarya take, in ka haife ta sai ka yi ta ɗinka mata riguna.

"Ya ɗan rame ta wuya. Amma tabon nan nasa yana nan. Ranar da ya samo shi na yi ta faɗa, shi kuwa yana dariya jini na zuba." Ta sumbaci hoton. "Ubangiji ya tsare mini kai. Yesu ya rufe ka da inuwarsa, ya dawo da kai ka ɗauki matarka."

Daidai nan Dawuda ya fito daga madafa da kofin kunu. Ya durƙusa, ya tallafo kanta, yana ba ta a hankali yana goge mata gefen baki da ya karkace.

"Ya yi zafi! Kai kam kome naka sanyi-sanyi, sai kunu ne kake kawowa da zafi. Dubi yayanka ka ga namiji."

"Na gani, Mama."

"Ka gani ina? Ko dubawa ba ka yi ba."

Ya karɓi hoton ya dubi fuskarsa ta kansa, ya ce, "Ya yi kyau."

Saloma ta kau da kai. Wannan hannu shi ke ɗaga tsohuwar safe da yamma, shi ke wanke mata zannuwa, shi ke noma abin da take ci. Duk addu'ar da take yi kuwa a kan fuskarsa take sauka, da sunan wani. Abin ya yi wa Saloma ciwo har ta kasa zama, ta tashi ta zagaya bayan rumbu.

Can Dawuda ya same ta tana share ido.

"Me ya faru?"

Ta dube shi. A gindin girarsa akwai sauran baƙin jagirar jiya da sabulu bai fitar ba. Ta jiƙa bakin gyalenta, ta kama fuskarsa da hannu biyu ta shiga gogewa, har wurin ya fita tas.

"Jiya ka tambaye ni," ta ce. "Wannan nake gani. Marar tabon. Kai nake so, Dawuda, ba kamarka da kowa ba. Kai!"

Ƙarar sanda suka ji ta faɗi a bayansu.

Mama Alice ce, ta lallaɓo da bango za ta kewaya. Idonta bai nuna mata kome ba sai inuwa biyu a haɗe, amma kunnenta lafiya lau yake.

"Dawuda..." Ta kira sunan kamar yana ƙona mata harshe. "Yayanka yana can yana kwana cikin rami, harsashi na wucewa ta kansa, kai kana nan bayan rumbu da matarsa?"

"Mama, ki tsaya ki ji..."

"In ji me? Na ji! Ashe noman da ka yi ta rawar jiki a kai, kanka kake yi wa! Maci amana!" Ta juya wajen Saloma. "Ke kuma da nake kira ɗiyata. Da hannunki kike kawo mini hotonsa, ashe... Kai! Wayyo ɗana!"

Jikinta ya ɗauki ɓari. Dawuda ya zabura zai tare ta, ta doke hannunsa.

"Kada ka taɓa ni! Daga yau kada ƙafarka ta sake shiga ɗakina!"

Baba Sila ne ya ɗauke ta ya kai ta ciki. Saloma ta bi bayansu da gudu, Dawuda ya riƙo gyalenta.

"Sake ni! Zan gaya mata! Ba zan bari ta kira ka maci amana ba!"

"Ki gaya mata me? Cewa ɗanta ya shekara biyu a ƙasa? A wannan halin da take?"

"To haka za mu zauna? Ita ta tsine maka, ni in yi ta jiran wanda ba zai dawo ba?"

"Gara ta ƙi ni tana numfashi, Saloma." Hawaye na bin kumatunsa bai share ba. "Na roƙe ki."

Ramin da suka haƙa da hannunsu, su ne suka faɗa ciki. Hotuna takwas, kowanne shaida ne a kansu, kuma ita ta wanke su.

Kwana tara Dawuda yana dafa kunu ya miƙa wa matan zumuntar coci su kai ciki, shi ya zauna a bayan taga yana sauraron tarin mahaifiyarsa. A na goma ta rufe baki. Ta ce ba ci ba sha sai an kira mata Ishaya, ya zo ya ji abin da aka yi masa daga bakinta. An kawo fasto ya yi magana, ta juya fuska bango. Kwana biyu ko ruwa ba ta haɗiya ba.

Da sassafe Baba Sila ya buga wa Saloma waya.

"Ki zo da kakin nan. Da abin zanenki."

"Baba, hoto ba zai yi ba yanzu."

"Ba hoto na ce ba. Dawuda da kansa zai shiga. Idonta ba ya gani, ɗakin da duhu. Ya rage magana, ya ce awa ɗaya aka ba shi. Ta sha kunu, shi ke nan."

A ɗakin Baba Sila aka shirya shi. Saloma ta zana tabon da kyau fiye da kullum, ta sa ɗan ja a gefe don ya yi kamar tsohon rauni, ta ja baya ta duba ta dama da ta hagu. Ba wanda zai kalle shi ya ce ba na gaske ba ne.

"Wannan ne na ƙarshe," ta ce.

"Kullum haka muke cewa."

Ya taka da takalmin soja, ƙwas, ƙwas, har bakin ƙofa. Ya kumbura murya irin ta yayansa.

"Mama! Sojanki ya zo!"

Saloma tana tsaye a jikin labule, ta ga tsohuwar da ta kwana biyu ba ta motsa ba ta yunƙura za ta tashi.

"Ishaya? Ishaya! Zo... zo nan, ɗana!"

Ya durƙusa a gaban gadon. Ta rungumo kansa tana shaƙar ƙanshin rigar, tana kuka tana godiya ga Ubangiji. Sannan ta yi abin da kowace uwa marar ido za ta yi, abin da bai taɓa zuwa ran Saloma ba ko sau ɗaya. Ta ɗora tafin hannunta a fuskarsa ta fara shafawa.

Saloma mai hoto ce, duk tunaninta a ido yake. Ta yi tabon da zai ruɗi kyamara, ta manta cewa tabon gaske yana da tudu.

Babban yatsan Mama ya bi goshi, ya sauko girar hagu. Ya tsaya. Ya koma, ya sake bi. Ya danna. Fata sumul, gashin gira a cike. Ta janye yatsan a hankali ta kai shi bakin idonta na dama, ta daɗe tana kallon baƙin da ya shafe shi.



Ba ta yi ihu ba. Ta lalubo hannunsa ta juya tafin, ta shafa kantar garma, ta shafa ƙunar da tukunyar kunu ta yi masa a wuyan hannu.

"Wannan hannun na san shi," ta ce. "Shi ke ɗaga ni."

"Mama..." Muryar aro ta faɗi, ta Dawuda ta fito.

"Tun yaushe?"

Ta juya kai wajen ƙofa.

"Sila! Na san kana nan. Tun yaushe?"

Tsohon sojan ya cire hularsa. "Shekara biyu da wata uku, Alice. Kina asibiti. Ni na hana a faɗa."

"Hotunan fa?"

Saloma ta zube a ƙasa. "Ni ce, Mama. Ni na ɗauka. Duka takwas ɗin Dawuda ne. Ki yafe mana..."

Mama Alice ta koma ta kwanta, idonta a rufin ɗaki. Hawaye suka gangaro ta gefe suka shiga kunnenta.

"Shekara biyu ɗana yana kwance a ƙasar da ban sani ba, ni ina nan ina yi masa addu'ar dawowa. Kowa a garin nan ya yi kukansa, sai ni da na haife shi. Kun hana ni kukan ɗana!"

"Tsoro muka ji kada mu rasa ki," in ji Dawuda.

"Kai kuma ka tsaya na kira ka maci amana, ba ka buɗe baki ba?"

Ya kifa kansa a gefen gadon yana shessheƙa. Ta ɗora hannu a ƙeyarsa, ba ta shafa ba, ba ta kuma janye ba.

"Cire rigar nan. Ba taka ba ce. Ka kawo mini kunu, zan sha, don kuka yana son ƙarfi." Ta numfasa. "Saloma."

"Na'am, Mama."

"Maganarku na ji ta. Ba zan ce kome a kai yau ba. Ku bar ni in yi makokin ɗaya tukuna, kwana bakwai, kamar kowace uwa. In na gama sai in dubi ɗayan."

Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida kamar yau aka yi rasuwar. Matan zumunta suka zo suna waƙoƙin ta'aziyya, mutanen da suka yi gaisuwa shekara biyu da suka wuce suka sake zuwa, kowa kansa a ƙasa. Mama tana karɓar gaisuwa da rana. In mutane sun ragu sai ta ce a miƙo mata Littafinta a saki labule, ba ta son kowa a kusa.

Saloma tana ƙirga kwanakin a zuciyarta. Ɗaya, biyu, uku... Ranar Laraba za su cika bakwai.

Ranar Litinin da la'asar Dawuda ya shiga da kunu, ya same ta a jingine, Littafin a kan ƙirjinta, ta riga ta tafi.

Bayan an binne ta, Dawuda ya daina zuwa Rikoto. Saloma ta kira shi har ta gaji. Da ta je Dabai ta same shi a gona yana yankan dawa, ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Ni na kashe ta," ya ce, bai daina yankan ba. "Da ban shiga ɗakin nan ba..."

"Da yunwa ta kashe ta tana ƙinka. Kuma ni na zana tabon."

"Ta ce in ta gama za ta dube ni. Ba ta gama ba, Saloma. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta sa mana albarka ba. Da wane ido zan kai ki gidan nan? Ki yi haƙuri. Ki nemi wanda ba shi da wannan kaya a kansa."

Ta dawo shago ta yi kwana uku ba ta buɗe ba. Ranar ta huɗu da safe aka ƙwanƙwasa, ta buɗe ta ga Baba Sila, Dawuda na bayansa kamar wanda aka jawo da igiya. Tsohon yana rungume da Littafin Mama a cikin leda.

"Jiya ake raba kayanta," in ji shi. "Na buɗe na ga abin da ban gane ba. Na ce aikinki ne, ke za ki sani. Shi ma ban nuna masa ba."

Ya ajiye a kan tebur ya fita waje ya zauna wajen mai shayi.

Hotunan suna tsakiyar Zabura, a jere yadda aka kawo su. Saloma ta ɗauki na farko ta kai gaban fitila.

A girar hagu, daidai inda ta zana tabon, an kankare wurin da farce. A hankali aka yi shi, kaɗan-kaɗan, har baƙin layin ya fita, ya bar ɗan fari. Ba a taɓa ido ba, ba a taɓa goshi ba.

Ta ɗauki na biyu. Haka. Na uku, haka. Ta jera su a kan tebur.

"Dawuda... zo ka gani."

Ya matso.

"Abin da take yi ke nan in ta ce a saki labule. Da hannu ɗaya, da rabin ido." Kuka ya ci ƙarfinta. "Tana cire musu tabon ne... tana mayar da su naka."

Bakwai ta gama. Na takwas, mai igiya biyu, ta kankare rabin tabon, sauran rabin yana nan baƙi.

Dawuda ya ɗauki wannan na ƙarshen. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa farcen babban yatsansa ya ƙarasa mata.

"Ta dube ni," ya ce. "Ashe ta dube ni..."

Saloma ta share fuska da gyale. Ta ja labulen hoto, ta kunna fitila, ta ɗauki kyamara.

"Tsaya can."

Ya dubi jikinsa. Tsohuwar rigar gona ce, wuyanta ya saki, da ƙaiƙayin dawa a kafaɗa.

"A haka?"

"A haka."

Ya je ya tsaya. Kafin ya ankara ƙafafunsa sun haɗe, ƙirjinsa ya buɗe, haɓarsa ta ɗaga, bakinsa ya karkace da murmushin gefe ɗaya. Jikinsa ya riga ya saba. Ya gane abin da ya yi, ya dube ta kamar ɗan da ya ɓata a kasuwa.

"Saloma, ban san yadda nake tsayuwa ba."

"Ba sauri muke ba, masoyina. Zan jira."

A hankali kafaɗunsa suka sauko. Kansa ya ɗan sunkuya, hannayensa suka haɗu a gaba, kamar mai riƙe da kofin kunu. Hawaye suna zuba, bai ɓoye su ba.

Ta sa idonta a kyamara, ita ma da ƙyar take gani.

"Dawuda," ta kira shi. "Dube ni."

Ya ɗago, ta danna.